HAƘURIN RABI: TSOKACI A KAN HIKIMAR ZAMAN AURE CIKIN "ALHAKI KUYKUYO NE"

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar kai amarya a ƙasar Hausa ya san kalmar da ta fi kowace yawan fita daga bakin iyaye a wannan dare. Kafin a sa yarinya a mota uba zai ce ta yi haƙuri, uwa ta ce ta yi haƙuri, gwaggo da inna su maimaita. Idan an isa gidan miji aka damƙa ta amana a hannun dangin ango, sai kuma a juyo gare ta a ƙara jaddada mata cewa zaman aure ɗan haƙuri ne, yi na yi bari na bari. Shi kuwa ango, in ma ya sami nasa rabon nasihar, galibi a tsaitsaye ne, domin abokai na can waje suna jiran sa.

Wannan kalma ta haƙuri ta biyo mu har cikin littattafanmu. Da wuya ka buɗe ƙagaggen labari na Hausa da ya taɓo zaman aure ba ka iske wata tsohuwa tana faɗa wa wata yarinya cewa haƙuri maganin zaman duniya ne ba. Marubuci kuma sai ya saki jiki, yana ganin tunda ya kawo karin magana ai ya gama aiki, ya koyar da darasi.

Abin da ya tayar mini da wannan tsokaci wata 'yar tambaya ce. Wata rana ina koyar da karin magana a ajin manya, na rubuta a allo cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Na yi bayanin ma'ana ta zahiri da ta ɓoye yadda aka saba, ɗalibai na rubutawa. Can sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wa ke sayo itacen?" Aji ya tuntsire da dariya, ni ma na dara, amma da na koma gida tambayar ta ƙi barina. Dafa dutse dai ba aikin yini guda ba ne. Akwai itace, akwai ruwa, akwai mai zaman hura wuta hayaƙi na cin idonsa. Karin maganar ta ambaci romo, ta yi shiru a kan ɗawainiya.

A cikin ƙagaggun labaranmu ban san littafin da ya tunkari wannan tambaya gaba-gaɗi kamar "Alhaki Kuykuyo Ne" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba. Shi nake so mu duba tare, mu ga inda ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni, da kuma abin da mai sha'awar rubutu zai tsinta a ciki.

Karin Magana a Goshin Littafi

Sanya karin magana a matsayin sunan littafi tsohuwar al'ada ce a wajenmu. Daga cikin littattafan da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai "Jiki Magayi", wanda shi East ɗin ya rubuta tare da John Tafida. Bayan 'yan shekaru Abubakar Imam ya fito da "Magana Jari Ce". Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi "Tura Ta Kai Bango", Hajiya Bilkisu Funtuwa ta yi "Allura Cikin Ruwa". Wato ke nan marubucin Hausa ya daɗe yana ɗaukar hikimar da ke yawo a bakin jama'a ya kafa ta a goshin littafinsa, sannan ya gina labari domin ya tabbatar da ita.

A nan ne haɗarin yake. Idan marubuci ya ɗaura aniyar tabbatar da karin magana ko ta halin ƙaƙa, to taurarinsa sun zama 'yan aike, ba su da ta cewa sai abin da zai kai labari ga inda aka riga aka yanke. Gwanin marubuci kuwa shi ne wanda zai ɗora karin maganar a kan sikeli, ya zuba mata rayuwar mutane a ɗaya gefen, ya bar mai karatu ya ga wanne ya rinjayi wani. A nawa ganin Balaraba ta yi duka biyun a littafi ɗaya: karin maganar da ke bangon littafin ta bi ta sau da ƙafa, amma wadda ke cikin cikinsa, wato ta haƙuri, ta auna ta da kyau.

Littafin ya fito a 1990, a daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya gama jigata magidanta. Kamfanonin ɗab'i sun ja baya, marubuta a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda ita Balaraba na cikin jagororinta tare da Ado Ahmad Gidan Dabino. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa irin waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, muhawara ta yi zafi a jaridu, har zuwa ƙarshen shekarun inda Abdalla Uba Adamu ya shigo yana kare marubutan. Babban zargin da aka riƙa yi shi ne littattafan ba su san komai ba sai soyayyar samari da 'yanmata. To ga littafi nan da tauraruwarsa uwar 'ya'ya tara ce, damuwarta kuma abin da za a ɗora a murhu. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga, abin da ya kai labarin Rabi inda marubuciyar ma ƙila ba ta zata ba.

Labarin a Taƙaice

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, sun shafe sama da shekara ashirin tare, Allah ya ba su 'ya'ya tara. Alhaji Abdu ba matalauci ba ne, amma ɗan abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai ko'ina, sauran kuma Rabi ce ke ƙuƙutawa ta cike. Kuɗinsa na can waje wajen holewa. Daga bisani ya auro Delu, macen da ta daɗe a zaman kanta, ya kawo ta gidan. Ba a jima ba rikici ya tashi, Alhaji Abdu ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta.

Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta ci gaba da ɗawainiyar karatunsu. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar, al'amura suka fara sauƙi. A ɗaya gefen kuma duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya: gobara ta cinye dukiyarsa a kasuwa, aka sace motarsa, Delu ta ci amanarsa. Da ya rasa tudun dafawa sai ya waiwayo Rabi. Ita ba ta so, amma mazan da ke da ta cewa a kanta suka taru suka matsa mata, ta koma, ta zama ita ke ciyar da wanda ya kore ta.

Haƙuri Iri Biyu

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura shi ne waɗannan halaye tare suke tafiya, kamar duwatsun murhu. In ka zare adalci ka bar haƙuri shi kaɗai, tukunya za ta kife. A gidan Alhaji Abdu an ɗora wa Rabi haƙuri da kunya da ladabi, shi kuma maigidan ya sauke wa kansa amana da karamci da adalci. Littafin bai tsaya yi mana wannan bayani ba, sai dai ya nuna mana shi a cikin kuɗin cefane, wanda ya fi kowace lacca ratsa zuciya.

Idan mai karatu ya lura zai ga Rabi ta yi haƙuri iri biyu. Na farko shi ne na shekarun da ta yi a gidan miji tana rufa asiri. Wannan haƙuri bai gyara Alhaji Abdu ba ko kaɗan. Hasali ma shi ya ba shi sarari, domin duk giɓin da ya bari akwai mai cikewa, bai taɓa dawowa ya iske murhu a sanyaye ba balle ya ji kunya. Bahaushe da kansa ya san da wannan, shi ya sa ya ce haƙurin kaya sai jaki, kuma ba yabon jakin yake yi ba.

Na biyu shi ne wanda ta yi bayan saki. Tashi da asuba, hura wuta, jure zafin murhu da ƙorafin masu saye da bashin maƙwabta, a tara kwabo a kan kwabo har a biya kuɗin makaranta. Wannan ma haƙuri ne, amma mai hannu da ƙafa, wanda ya fi dacewa a kira shi juriya. Shi ne ya fitar da ita. Ashe amsar tambayar ɗalibata na nan a cikin littafin: Rabi ce ke sayo itacen tun farko, bambancin kawai shi ne a gidan miji tana dafa dutsen wani, bayan saki kuwa ta ɗora tukunyarta. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.

Malamanmu na addini sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, haƙuri ga barin saɓonsa, da haƙuri a kan abin da ya ƙaddaro na masifa. Babu inda suka ce yin shiru a kan zaluncin da ake iya kawarwa dole ne. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana haƙƙi ne a wuyan miji, matar da aka hana kuma tana da damar kai ƙara gaban alƙali. Saboda haka marubucin da ya nuna mace tana neman haƙƙinta bai fita daga addini ko al'ada ba. Wasan kwaikwayon nan na "Uwar Gulma" na Mohammed Sada ya riga ya taɓo wannan tun da daɗewa, inda wahalar Halima a hannun Hayatu ta kai su gaban shari'a.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake haƙuri ba shi da amfani a zaman tare ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma gidan da kowa ke ɗaukar fansar kowace kalma ba zai kai shekara ba. "Jiki Magayi" ya nuna mana ƙarshen wanda ya kasa haɗiye baƙin ciki: Abubakar ya rasa Zainab ga mai kuɗi, ya ƙare ƙuruciyarsa wajen neman ramuwa, abin ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da nake cewa shi ne kalma ɗaya ce take ɗauke da magani da kuma dabaibayi, aikin marubuci ne ya nuna wanne aka miƙa wa tauraronsa.

Wa Ya Faɗa, Wa Aka Faɗa Wa?

Karin magana ba ta da uba, amma duk ranar da aka faɗe ta akwai bakin da ta fito, akwai kuma kunnen da aka nufa. Wannan shi ne babban darasin da ke cikin ƙarshen littafin. Lokacin da Rabi ke fama da yara tara, nasihar da ta dace da Alhaji Abdu ba ta yi tasirin komai a kansa ba. Amma ranar da ya tsiyace, sai ga hikima ta fito daga kowane lungu: a yi haƙuri, a duba yara, uban 'ya'ya ba abin yarwa ba ne, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Duk maganganun nan gaskiya ne, babu na ƙarya a ciki. Sai dai mai karatu mai hankali zai tambaya, me ya sa gaskiyar ba ta da ƙarfi sai ranar da za ta amfani namiji?

Akwai masu ganin cewa komen Rabi rauni ne a littafin, wai marubuciyar ta gina mace mai ƙarfi sannan ta rushe ta a shafukan ƙarshe. Ni ban yarda ba. A ganina nan ne littafin ya fi faɗar gaskiya. Da Balaraba ta sa Rabi ta tsaya ƙyam ta kori kowa, da mun tafa mata, mu rufe littafi mu yi barci da daɗi, amma da mun san a zuciyarmu cewa ba haka abin ke faruwa a unguwanninmu ba. Macen da ke da 'ya'ya tara, da suruki mai faɗa a ji, da 'yan'uwa maza masu gudun abin faɗa, ba ita kaɗai ke yanke wa kanta hukunci ba. Marubuciyar ta mayar da ita, amma ba ta shafa wa komen zuma ba. Ba ta ce mana soyayya ta dawo ba. Ta bar mu da ɗaci a baki, wannan ɗaci kuwa shi ke sa mai karatu ya ajiye littafi ya yi tagumi, ya tuna wata yayarsa ko gwaggonsa.

Sannan Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba. Wadda aka kora tana jiran abin da za a ajiye mata ne, wadda ta koma kuwa ita ke ajiyewa. Ko ba a faɗa ba, mai karatu ya san kiɗa ya sauya a gidan, rawa ma dole ta sauya.

Yana da kyau a haɗa wannan da ɗaya littafin marubuciyar, "Wa Zai Auri Jahila?", inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita tana 'yar shekara 13 ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Abu ba ta zauna dafa dutse ba, ta gudu birni wajen gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta Balaraba ta sha faɗa a hirarraki cewa an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da kimanin waɗannan shekaru, daga baya ta nemi ilmi da kanta. A Kano kuwa hanyar ta samu, domin gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, matan aure da zawarawa da yawa suka koyi karatu da rubutu ta nan. Idan aka jera littattafan biyu za a ga amsar marubuciyar ba ta sauya ba: ƙarfin mace na cikin abin da ta iya da hannunta ko da kanta, sana'a ko ilmi. Abu yarinya ce ba ta da goyo, ta iya gudu. Rabi na da tara, ba inda za ta. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna cewa nasiha ɗaya ba ta yi wa kowa daidai.

Inda Littafin Ya Yi Rauni

Yabon gwani ya zama dole, amma sharhin da babu gyara a cikinsa kirari ne. Akwai wurare uku da nake ganin littafin ya gaza.

Na farko shi ne yadda alhaki ya kama Alhaji Abdu. Gobara, satar mota, cin amanar Delu, duk suka sauko masa kusan a jere kamar an kira su. Daga cikin ukun, cin amanar Delu ne kaɗai ya tsiro daga halinsa, domin shi ya ɗebo da zafi. Gobara kuwa daga sama marubuciyar ta jefo ta don ta cika alƙawarin da ta yi a bangon littafi. Matsalar ita ce wuta ba ta tantance mai alhaki. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a 2016 ya san cewa a cikin waɗanda suka yi asara akwai masu riƙon amana da masu ciyar da marayu. Idan muka koya wa mai karatu cewa masifa shaidar zunubi ce, mun zalunci duk wanda Allah ya jarraba. Haka nan mun yaudari matar da ke cikin halin Rabi, domin za ta zauna jiran ranar da kasuwar mijinta za ta ƙone, alhali sau da yawa azzalumi na mutuwa ne a kan katifarsa da dukiyarsa cif. Mu musulmi mun yi imani da sakayya, amma ba a yi mana alƙawarin ganin ta kafin shafi na ƙarshe ba. Da an bar Alhaji Abdu ya rushe ta hanyar halinsa, almubazzaranci ya cinye jari, abokan ciniki su janye saboda rashin amana, 'ya'ya su girma ba su san shi ba, da kwikwiyon ya fi kama da kwikwiyo, wato abin da ka rena da hannunka yake bin ka a baya.

Na biyu shi ne auren Saudatu. Littafin ya sha wahala wajen nuna mana cewa tukunyar Rabi ce ta tsamo ta, sai kuma ya kawo attajirin suruki ya ɗauke sauran nauyin. Wannan ya rage wa jigon ƙarfi. Yarinyar da ta karanta za ta iya fita da darasin cewa mafita ita ce Allah ya kawo mai mota, wanda kuwa shi ne ainihin mafarkin da ya cika littattafan da suka biyo baya. Sai dai a yi wa marubuciyar adalci: ta nuna cewa taimakon suruki da farashinsa, tunda yana cikin masu faɗa a ji ranar da aka mayar da Rabi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku ita ce Delu. An zana ta baƙa ƙirin, babu ɗigon fari. Ba mu san me ya fitar da ita daga gidan iyaye ko na miji ba, ba mu san tsoron da ke cin ta ba. Alhali in aka duba da kyau, Delu na iya zama wata Rabi ce da aka kora shekarun baya, ba ta sami jarin ɗora tukunya ba. Marubuciyar da ta fi kowa sanin yadda gidan miji ke tofar da mace ita ta fi cancanta ta ba mu ko da shafi biyu na tarihin Delu. Rashin yin haka ya sa wani kaso na laifin Alhaji Abdu ya koma kan mace 'yar'uwarta, mai karatu ya huce haushinsa a kan kishiya, kamar zomon da ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Ta fuskar salo kuwa, harshen littafin sassauƙa ne, labari na gudu ba ya tsayawa dogon siffantawa, ƙarfinsa na cikin cacar baki da zancen tsakar gida. Wani lokaci saurin kan yi yawa, a wuce abin da ya kamata a tsaya a kansa, musamman abin da ke gudana a zuciyar Rabi a daren da ta san za ta koma. Amma kunnen marubuciyar a kan yadda mata ke magana idan babu namiji a wurin, wannan kam sai a sara mata.

Jan Hankali ga Sababbin Marubuta

'Yan'uwana masu tasowa, rubuce-rubucenku da ke zuwa hannunmu da waɗanda muke gani a wayoyin hannu cike suke da nasiha a kan zaman aure da zumunci da abota. Niyyar mai kyau ce. Ga abin da nake ganin za mu koya daga nasarar wannan littafi da kuma tuntuɓensa.

Duk lokacin da za ka sa karin magana a bakin wani, tsaya ka tambayi kanka, me mai faɗar zai samu idan aka bi maganarsa, me kuma wanda aka faɗa wa zai rasa? Idan ka san amsar, karin maganar ta zama wani ɓangare na rikicin labari. Idan ba ka sani ba, ado ce kawai, cire ta ba zai rage komai ba.

Kada ka gaya mana cewa tauraruwarka mai haƙuri ce. Nuna mana nawa aka ba ta, bakuna nawa ke jiran ta, me ta sayar ta cike. Mudu da kwano da kuɗin makaranta sun fi "baiwar Allah mai haƙuri" sau goma aiki a zuciyar mai karatu.

Ka bar sakamako ya fito daga hali. Haɗarin mota, gobara, ciwon ajali da gadon da ya faɗo daga sama sun yi yawa a littattafanmu, har mai karatu na iya faɗa maka shafin da za su zo. Mutum na girbar abin da ya shuka ne a gonarsa, ka nuna mana shukar tun daga farko.

Ka ba mugun tauraronka uwa da uba da dalili. Ba don ka wanke shi ba, sai don mai karatu ya ji tsoron cewa shi ma zai iya zama haka. Mugun da ba shi da tarihi ba ya koya wa kowa komai, domin babu mai ganin kansa a cikinsa.

Daga ƙarshe, ka tuna cewa maza ma na karatu. Mun cika littattafai da koya wa mata yadda za su zauna da miji, amma littafi nawa ne ya zaunar da namiji ya nuna masa haƙurin da ke kansa, na riƙe amana idan kuɗi sun zo, da na kame kai idan ido ya hango waje? Alhaji Abdu ma ai rashin haƙuri ne ya kashe shi, irin na biyun nan da malamai suka ambata, wato haƙuri ga barin saɓo. Wannan fili ne da ke nan a buɗe yana jiran mai noma.

Kammalawa

Hikimar da muka gada a kan zaman tare dukiya ce, kuma ba ni cikin masu cewa a zubar da ita. Kakanninmu da suka ce mahaƙurci mawadaci su ne kuma suka ce tura ta kai bango, sun san kowace da ranarta. Abin da ya rage ga marubuci shi ne ya san ranar. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta littafi a 1990 wanda har yau in ka ba matar aure ta karanta za ta ce maka ta san Rabi, wata ma ta ce ita ce. Ta yi tuntuɓe a wajen gobara da wajen Delu, amma a kan babbar tambayar ba ta kauce ba, ta nuna mana hannun da ke sayo itace.

Ita kuwa ɗalibar tawa, da muka sake haɗuwa a darasi na gaba na ba ta aron littafin, na ce ta karanta ta kawo mini amsar tambayarta a rubuce. Bayan mako biyu ta dawo da shi da shafi uku na sharhi, a ƙarshe ta rubuta cewa ita dai za ta gama makaranta tukuna. Na ba ta maki mai kyau, na gyara mata ƙa'idojin rubutu.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya sa mu faɗi gaskiya ko da a kan kanmu ne, amin.